Ranar Da Na Sauke Wa Malam Amawali

Jiya 'yar'uwarku Asma'u ta kawo mini wayarta ido jawur, ta ce in karanta abin da wani ɗan'uwanku ya rubuta a guruf ɗin gidanmu. An saka muryar kakanku Malam yana rera waƙar rufe karatu, kowa yana ta Allah ya jiƙan rai, sai wannan mai kaifin baki, wanda ko cikinsa ba a yi ba lokacin da abin ya faru, ya rubuta wai murya dai ta fita tas, amma a tuna da wulaƙancin da aka yi wa tsohon kafin a same ta. To, madalla. Na gaji. Na gaji da a riƙa yin shiru in na shigo ɗakin suna, na gaji da ku kanku kuna kallona ta gefen ido duk lokacin da aka kunna waƙar nan. Ku zauna ku karanta, kuma kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe. E, na yi. Da hannuna na ja amawalin mahaifina ƙasa a gaban mutane cike da zaure. Ban taɓa musun wannan ba. Abin da ba ku sani ba shi ne dalili.

Ku da kuka tashi a unguwar Gawon Nama da hula a ƙeya, bari in fara da abin da ya kamata a ce kun sani. Amawali shi ne ɓangaren rawanin da ke zagayowa ta ƙarƙashin haɓa ya rufe baki. Malam ba ya zama cikin jama'a sai da shi, kuma babu mahalukin da ke taɓa masa rawani, ko Inna da ta haife mu. Sau ɗaya tak a shekara yake sauke shi a gaban mutane, da hannunsa na dama, ranar da ake rufe karatu a ƙarshen Sha'aban, in zai rera waƙar. Kakansa ne ya tsara ta, waƙar wa'azi ce doguwa, kuma baitocinta suna nan a rubuce da ajami cikin gafaka, kowa zai iya karantawa. Abin da ba ya kan takarda shi ne karin. Takan sauya murya a wurare da yawa, ta hau, ta kwanta, ta ja numfashi inda ba ka zata ba, kuma duk duniya Malam kaɗai ya riƙe wannan. Ɗalibansa sun yi ta gwadawa, amma abin da ake ji sau ɗaya a shekara ba ya zama a ka. Ga shi ya tsufa, muryar ta fara sirancewa. Duk mai hankali ya san in ba a ɗauke ta ba, za a binne karin tare da shi.

Ni kuwa a lokacin na haura shekara ashirin a gidan rediyo ina ɗaukar muryoyin mutane. Amma da Yaya Modi, wana kuma babban ɗan Malam, ya tashi ɗaukar waƙar a shekarar da ta gabaci wadda abin ya faru, kuna tsammani ya neme ni? Ina! A wurinsa aikin rediyo aikin makaɗa ne. Sai ya aro makirufon masallaci da lasifikarsa, ya ajiye wata rediyo mai kaset a tsakiyar zaure, ya danna. Da ya ga abin ya ƙi, sannan aka aiko mini da kaset ɗin wai in gyara. Na saurara. Fanka tana wuu, wani yana tari kamar zai amayar da huhu, akuya tana kuka a waje, lasifika tana ƙara duk lokacin da makirufon ya juyo gare ta, shi kuma Malam can ƙasa kamar yana magana daga cikin rijiya. Na mayar musu na ce ni ba boka ba ne. Abin da bai shiga ba, ba ya fita.

Mutanenmu sun ɗauka makirufo makirufo ne, kamar yadda suke ɗauka kowace ƙwaya fara maganin ciwon kai ce. Akwai mai taurin rai irin na masallaci da gidan biki, ko ya faɗi ƙasa ba ruwansa, amma sai ka kusan sumbatarsa kafin ya ji ka. Akwai wanda muke kira kwandensa, mai cin batir, shi kuwa ko yawu ka haɗiye sai ya kai rahoto. Sannan kowanne da inda kunnensa yake kallo. Wani ta ko'ina yake ji, gaba da baya da gefe, irin wanda ke jikin rediyon Yaya ke nan, shi ya sa bai bambanta Malam da akuya ba. Wani ta gaba kawai yake ji, ta baya kurma ne. Wani kuma dogo ne siriri, muna ce masa bindiga, inda ka auna shi nan kaɗai yake ɗauka. Aikin duka bai wuce abu uku ba: ka zaɓi wanda ya dace, ka juya kurmancinsa wajen hayaniya, ka matso da shi kusa da baki kamar ɗani ɗaya, ka ɗan kautar da shi gefe don kada iskar baki ta riƙa dukansa. Wannan na yi wa Yaya bayani har da zane a ƙasa, da azumi ya sake gabatowa aka ce to, a kira Haliru.

Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi, sannan ya ce:

"Ba a nuna ma Malam ƙarhe ga baki awa ana nuna shi da yatsa."

Na ce to a maƙala masa ƙarami a wuyan riga. Ya ce wa zai kai hannu wuyan Malam? Ni ma da na tuna aikin zaren da ke gaban babbar rigarsa da jelar rawani da za su yi ta gogar abin, sai na bar maganar. Na ce a koma tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara, domin zauren nan tunda aka yi masa siminti da kwano murya take dukan bango ta dawo. Ya ce a zauren nan kakanni suka rera ta. Na ce kakanni ba su rera ta cikin siminti ba! Ya ce in iya bakina. Na ce a kashe fanka. Ya ce a wannan zafin na Sakkwato, da dattawa daga Dundaye da Wamakko, so nake a ce gidan Malam an gasa baƙi? Kwana huɗu muna wannan. Wallahi na ɗauki muryar manya masu ji da kansu a ƙasar nan, babu wanda ya ba ni wahalar da ɗan'uwana ya ba ni. Daga ƙarshe Inna ce ta raba mu ta bayan labule. Ta sa aka kashe fanka, aka bar ni na rataya barguna da tabarmi a bango, ni kuma na yarda makirufon ya zauna a ƙasa, kamu uku daga inda Malam yake, kada ya wuce tsayin gwiwa.

Saura abu ɗaya, abin da nake sawa a kunne in ji abin da na'ura take ji. Yaya ya ɗaga shi da yatsu biyu kamar ya tsinci mushen ɓera.

"Wanga hwa? Mahaihinka na magana kai ka toshe kunne?"

Na ce Yaya, duk zauren nan babu wanda zai ji shi kamar mai wannan a ka. Bai yarda ba, amma a nan na kafe. Na ce in babu shi in naɗe wayoyina in koma gida.

Tunda an hana ni kusanci, sai na kawo dogon nan, bindiga, na kafa shi a kan gajeriyar ƙafa, na auna bakin Malam daga ƙasa, na murɗa ƙarfin ɗaukar har kusan ƙarshe. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen komai. Ana gobe taro, da hantsi, ina gwaji ni kaɗai a zaure sai ga Malam ya fito. Ya zauna a buzunsa ya ce in ba shi abin kunnen ya ji. Na ba shi, ya ɗora a kan rawani da kansa, na juya makirufon wajen ƙofar cikin gida. Sai na ga idanunsa sun buɗe. Ya ji Inna tana yi wa kaji faɗa, ya ji ana tankaɗe, ya ji cokali ya faɗi. Na juyo da shi wajensa ya ji numfashin kansa. Ya yi dariya har kafaɗunsa suna rawa, abin da na daɗe ban gani ba.

"Haliru, abin ga na jin abin da mutum bai hwaɗi ba?"

Na ce a'a Malam, sai wanda ya faɗa, amma komai ƙanƙantarsa.

"To," in ji shi, "ya hi mu."

Ranar taro, da aka idar da la'asar mutane suka shigo, sun tarar Malam yana zaune a wurinsa. An ce a nan ya yi sallarsa, ya ce ƙafa ce take damunsa, babu wanda ya kawo komai a ransa. Hannayensa duka suna cikin riga. Zaure ya cika har waje, zufa tana keto wa kowa, dattawan Dundaye suna fifita da hula suna harara ta don an gaya musu ni na kashe fanka. Na zauna a gefe na sa abin kunne, na ji ana gunaguni a bayana. Na danna ɗauka. Malam ya yi bisimilla, ya shiga baiti na farko, amawali yana nan a bakinsa bai sauke ba. Ƙyalle yana cinye saman murya, duk haruffan nan masu kaifi da ake bambanta kalma da kalma da su, su sa da sha da tsa, a cikin zaren suke mutuwa. Abin da ke zuwa kunnena wani gunji ne kawai. Na ce a raina shi ke nan, bana ma akuyar Yaya ta fi mu sa'a.

Ya kai ƙarshen baitin ya tsaya. Mutane suka ɗauka numfashi yake ja. Kansa a sunkuye, bai dubi kowa ba. Sai na ji a cikin kunnuwana, can ƙasa, raɗa wadda ko Yaya da ke zaune dab da shi bai ji ba:

"Haliru. In kana ji na, taho. Hannun dama ya ƙi tun azahar. Sauke man amawali. Kak ka hwaɗa ma kowa. In Modi yaj ji, tada taron ga za shi yi."

Ku gaya mini, ku masu hikimar guruf, me za ku yi? Da hagu ba zai taɓa rawani a gaban mutane ba, kuma da ya yi kowa zai gane. Na san abin da mutuwar hannu take nufi ga tsoho. Na san daidai shi ne in miƙe in ce jama'a a kawo mota. Na kuma san in aka fita da shi daga zauren nan, waƙar ta fita ke nan har abada, shi ma ya sani, shi ya sa ya zauna tun azahar yana ɓoye hannu cikin riga. Mahaifina bai taɓa roƙona komai ba tunda aka haife ni sai ran nan. Na cire abin kunne, na tsallake ƙafafun mutane, na durƙusa a gabansa, na sa yatsa na ja amawalin zuwa ƙarƙashin haɓa. Zaure ya ɗauki salati.

"Haliru! Mi kaka yi haka? Ka haukace?"

Yaya ne, ya riga ya miƙe tsaye. Ni kuma, Allah ya shirye ni da wannan zuciya tawa, na ce tunda na ɓata bari in ɓata gaba ɗaya. Na jawo makirufon daga kamu ukun da aka yanka mini, na ɗaga shi, na kafa shi ɗani ɗaya daga bakin Malam, na ɗan kautar gefe yadda aiki ya ce. Na koma na rage ƙarfin ɗauka. Wannan ne ya kashe ni a idon mutane, domin duk wanda ya gani ya tabbata don na'urata na yi. Kafin Yaya ya sake buɗe baki Malam ya maimaita bisimilla, dole kowa ya zauna.

Abin da kuke ji a wayoyinku daga nan ya fara. Kun ji yadda take, kamar yana zaune kusa da ku. Abin da ba ku lura da shi ba, ni kuma ba na iya saurara ban ji shi ba, shi ne daga wajen kashi na ƙarshe harshensa ya fara nauyi. Haruffa suka fara jan ƙafa. A zaure babu wanda ya ji, ni ina ji ƙarara, yatsana yana kan maɓallin tsayarwa. Sau biyu na ɗago kai in yi magana, sau biyu ya dube ni ta ƙasan rawani, na mayar da kai. Ya kai ta har amin, rana ta kusa faɗuwa. Da aka shafa fatiha aka ce Malam ya tashi, sai ya kasa.

A asibiti likita ya ce irin wannan ciwon awa ɗaya ma tana da daraja, da an kawo shi da wuri wataƙila da sauƙi. Wannan maganar ita nake ɗauke da ita har yau, kuma ita ce laifina na gaskiya, in laifi kuke nema. Amma gari ba wannan ya ɗauka ba. Kafin a ga watan azumi labari ya kai Wamakko cewa baƙin cikin abin da ɗansa ya yi masa ne ya shanye wa Malam jiki. Shi kuma da zai wanke ni, magana ta ɗauke masa ɗungurungum. In na shiga gaishe shi sai ya riƙe mini yatsu da hannun hagu ya yi ta kallona, Yaya yana tsaye a kaina kamar mai gadin fursuna. Bayan ƙaramar Sallah da kwanaki Allah ya karɓi abinsa.

Za ku ce to bayan rasuwarsa me ya hana ni faɗa? Na daɗe ina gaya wa kaina amana ce, ya ce kada in gaya wa kowa, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ƙarya nake yi wa kaina. Amanar ta ƙare ranar da kowa ya ga hannun. Zuciya ce. Na ce a raina, Yaya da ya iya tsayawa a gaban jama'a wajen zaman makoki ya ce kada in zauna kusa da shi, ba zan je ina rantse-rantse a gabansa kamar ɓarawon akuya ba. Zai ce na ƙaga ne don mamaci ba ya musu. Ina da shaida, raɗar tana kan kaset na asali, domin ban tsayar da ɗauka ba. Kwafin da na raba wa mutane ne na yanke daga bisimilla ta biyu. Sai dai raɗar ba ta fita a lasifika, sai an sa abin kunne a ɗaki shiru. Na aika wa Yaya cewa ya zo gidana akwai abin da zan sa masa ya ji. Ban ce ko mene ne ba. Ya aiko cewa abin da aka toshe kunne da shi a gaban mahaifinsa ba zai hau kansa ba. Na ce to ya zauna. Ya zauna, na zauna. Inna ta yi ta fama da mu har ta bar duniya, tana cewa ita dai ba ta san inda ta samo duwatsu biyu ba. Shekara goma sha ɗaya muna gaisawa a jana'iza da ɗaurin aure kamar surukai.

Abin da ya karya ni, shekarun baya, uwarku ce ta dawo daga dubiya ta ce Yaya ya kwanta, kuma in ina da abin faɗa in daina jiran a aiko mini da doki. Washegari da hantsi na ɗauki na'ura da kaset na tafi cikin gari. Daga baya Yaya ya tara 'ya'yansa ya gaya musu abin da ya gudana tsakaninmu a ɗakinsa, amma labarin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yawo ba ya komawa gida da magana ɗaya, ga shi har ya iso wayar Asma'u. Kaset ɗin yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona. Duk mai so ya zo ya ji tun kunnensa yana da ƙarfi.

Ran nan na sami Yaya a kwance a tsohon ɗakin azara, ya rame, sai na ɗaga murya kafin ya amsa sallamata. Ban yi dogon bayani ba. Na miƙa masa abin kunnen, ina jiran ya ture. Ya dube shi, ya dube ni, ya cire hula da kansa. Na sa masa, na rufe ƙofa, na kashe fanka, na kunna. Ina kallon allurar na'ura, na ga ta ɗan motsa daidai wurin raɗar. Fuskarsa ba ta canza ba. Na mayar baya na ƙure ƙara. Na sake, sau uku. Ya zare abin daga kansa ya ce:

"Ba ni jin komi sai shuu, awa ruwa bisa kwano. Kunnuwan sun tahi tun bara. Mi ac ciki?"

Shekara talatin ina gaya wa mutane cewa tsufa saman ji yake fara ci, inda raɗa take zaune, amma ban taɓa kawo wa raina cewa wana ma yana tsufa ba. Na rasa yadda zan yi. Sai na matsa na kai bakina kunnensa, na faɗa masa da ƙarfi, kalma bayan kalma, abin da Malam ya ce. Na ɗauka bai ji ba. Can ya kamo hannuna, wannan da na ja amawalin da shi, ya riƙe.

"Wanga na kab ɓoye shekara sha ɗaya? Kai Haliru, kai Haliru. Ni hwa nig goye ka. Da ka hwaɗa man da bakinka, wa yac ce maka ba ni yarda?"

Na zauna ina naɗe waya.